Tagar Saman Kanti

Ƙas, ƙas. Ɗan ƙara ne kamar na farce a bakin kwano. Ina zaune bisa tabarma bayan azahar, ina tsince shinkafa a faifai, na ji shi. Na ɗauka tsaka ce a silin, na ci gaba da aikina. Da wata tifa ta wuce a titi sai ya sake yi, sau uku a jere, a wannan karon kuma na tabbata daga bayan labulen taga yake fitowa.

A shekarun da ake aikin dam na Bakolori ke nan, muna zaune a Talata Mafara. Gari ya cika da baƙi, direbobi da magina da masu abinci, har ɗakin haya ya zama abin nema da kamun ƙafa. Maigidana yana cikin masu awon ƙasa, su ne ke gaba suna kafa turaku inda za a haƙa hanyoyin ruwa. A wancan watan aikinsu ya koma wajen Maradun, don haka yakan tafi Asabar da safe, sai Alhamis da yamma motar ma'aikata ta sauke shi a bakin titi. Tsakanin nan daga ni sai yarinyata mai shekara huɗu, ga ciki wata takwas.

Ɗakin da muka samu a saman wani kanti yake. Mai shi Alhaji ne, dattijo, da can goro da gishiri yake sayarwa, da harka ta buɗe a gari sai ya gina bene a bakin babban titi. An ce a wata tafiya ya ga wani kanti a birni mai fuskar gilashi, an raba gilashin gida-gida da fararen sanduna, ya dawo ya ce shi ma irinsa yake so, sama da ƙasa. Aka ɗauko ma'aikata daga Gusau suka sa masa. Saman, niyyarsa ya jera rediyo da kekunan ɗinki don masu wucewa su hango, amma da ya ga yadda ake rububin wurin kwana sai ya ba da shi haya. Shi ya sa tagarmu ba ta yi kama da ta ɗakin aure ba. Daga gwiwata ta fara, ta tashi har kusa da silin, faɗinta ya kai ƙofa biyu. Ba a buɗe ta, iska ta wasu ƙananan tagogi na baya take shigo mana. Gidaje shida a kwance, takwas a tsaye, kamar an zana dara a tsaye.

Ni 'yar Bakura ce. Tagar ɗakin mahaifiyata rami ce kamar faifai, can sama kusa da azara, ko kyanwa sai ta yi dabara take shiga. A makarantar kwana ta 'yan mata kuma, duk tagar da na sani akwai sandunan ƙarfe a jikinta. Don haka ranar da muka tare na ga fararen sandunan nan, ban tambayi kowa ba, na ce a raina Alhamdulillahi, an sa ƙarfe. Maigidana ma bai duba ba. Ya kafa ƙusa biyu, muka rataya labule mai kauri don kada a riƙa hango ni daga titi, shi ke nan.

Ni da kaina na koya wa yarinya tsayawa a wurin. Kowace Alhamis bayan la'asar nakan ɗage mata gefen labule, ta shiga tsakaninsa da gilashi, ta tsaya jiran motar babanta. Nakan ce mata ta riƙe ƙarfen da kyau. Sandunan sun ɗan taso daga jikin gilashin kamar kaurin yatsa, sai ta maƙala 'yan yatsunta a kai, ta manna goshi. Da gidajen nan na koya mata ƙirga. Ta san ta gida na biyu daga hagu ake hango mai tsire, ta na biyar kuma hasumiyar masallaci.

Ranar nan ta Asabar na ajiye faifai na ɗaga labule. Ɗaya daga cikin sandunan kwance, daidai wadda take riƙewa, ta saki daga gefe guda tana lilo. Duk motar da ta wuce sai bakinta ya bugi gilashi. Na sa yatsa in mayar da ita, sai ta biyo hannuna gaba ɗaya. Ba ta kai cokali nauyi ba. Na juya ta na duba. Falle ne siriri irin na gwangwani, an lanƙwasa shi an shafa farin fenti, a bayansa busasshen gam ya yi ruwan ƙasa. Inda ta tashi kuwa babu tsagi, babu haɗi. Na shafa tafin hannuna daga gidan sama zuwa na ƙasa, sumul. Gilashi ɗaya ne tun daga gwiwata har silin, an manna masa zane a kai.

Na leƙa ƙasa. Babu ko rumfa, don Alhaji bai yarda a kare fuskar kantinsa ba. Dakalin siminti ne kawai, an jera bokitai da tukwanen ƙarfe a kai. Na zauna a ƙasa da sandar a hannu, ina ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Wata bakwai ke nan ina tura yarinya ta jingina da wannan abu.

Tana kwance a gado a lokacin, tana barci. Baƙon dauro ne ya kama ta a makon da ya wuce, zazzaɓi ya sauka, ƙurajen sun fara bushewa, amma ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. An ce kada ta shiga rana, kada ta fita iska. Ko ba don haka ba ma, matakalar benen a baya take, a waje, taka goma sha huɗu ba makari, kuma a tsakar gidan akwai rijiya ba murfi. Da cikin nan ba zan iya goya ta ba. Murhu yana ƙasa, ruwa yana ƙasa, bayan gida yana ƙasa. Dole in sauka sau da yawa a yini in bar ta a sama. Matan unguwa da mukan yi zumunci kuwa duk sun ɗauke ƙafa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa tana da nata ƙanana, ba mai son kwasar baƙon dauro ta kai gida.

Da ta farka na ce mata kada ta ƙara zuwa taga. Ta tambaye ni don mi. Na ce ƙarfen ya gaji. Ta dube ni da jajayen idanunta ta ce Baba ya ce ƙarfe ba ya gajiya, shi ya sa katafila take aiki ba ta barci. Na ɗaure fuska na ce in na ganta a wurin zan yi mata bulala. Ban taɓa dukanta ba, ita ma ta sani.

A nan sai in faɗi wani abu da 'yan yanzu ba lallai su gane ba. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata aka sa mata. Tun ranar suna sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Babanta yana ce mata uwata. Ni kuwa "ke" nake ce mata, ko yarinya. A asibiti ma da aka tambaye ni sunanta, biro na karɓa na rubuta. Haka na ga mahaifiyata tana yi da yayana, ko yana kuka a gaban mutane sai ta kawar da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ba a nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya. Duk karatun da na yi bai taɓa wannan ba, kuma ban so ya taɓa ba.

Shi ya sa saƙon da na aika wa Alhaji ya tafi gurgu. Lahadi da safe mai nonon da ke kawo mana ta tsaya daga ƙasan matakala, goyo a bayanta, na ce ta faɗa wa Alhaji sandar taga ta sama ta saki, kuma ashe ba ƙarfe ba ce. Ban ce ina tsoron yarinyata ta faɗo ba. Bakina bai iya ba. Ta dawo da ƙaramin gwangwanin gam, ta ce Alhaji yana gaisuwa, ya ce ai ado ne, zafin rana ke sa su saki, na ƙasa ma sun sha yi. Ya ce don Allah a mayar da ita, don daga titi kantin ya zama kamar mai giɓi.

Na mayar da ita. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Na shafa gam, na danna, na riƙe har ta kama. Taga ta koma yadda take, gidaje arba'in da takwas cif. Da na bar giɓin, da ko yarinya ta ga wani abu ya canja.

Da lokacin ɗora girki ya yi na tsaya a tsakiyar ɗaki ina dubawa. Kayanmu ba yawa, gadon ƙarfe ne da akwatuna biyu da jeren kwanuka. In na tura gado gaban taga na ba ta abin hawa. Akwatuna ma haka. Sai na tuna yadda mata a gona suke yi da yaro mai rarrafe. Na ɗauko tsohon ɗankwali na ƙulla da wani, na zagaya mata a ƙugu, na ɗaure ɗaya bakin a ƙafar gado. Na auna, iyakarta tsakiyar tabarma. Da farko ta ɗauka wasa ne. Da ta ga na nufi ƙofa sai ta fashe da kuka, tana cewa ita ba akuya ba ce.

Ina ƙasa ina hura wuta ina jin kukan ta ƙananan tagogin baya. Muddin tana kuka hankalina a kwance yake, na san inda take. In ta yi shiru sai in saki muciya in kama matakala. Ranar na hau benen nan ya fi sau goma, ƙafafuna suka kumbura, tuwo ya yi gudaji. Duk tifar da ta wuce ina jin rugugin a tafin ƙafata, in ƙirga a raina: yanzu gilashi yana rawa. A sallar la'asar na rasa ko raka'a uku na yi ko huɗu, sai da na yi sujadar rafkanuwa. Na roƙi Allah gafara, na kuma roƙe Shi Ya kawo Alhamis da wuri.

Litinin da hantsi na ji sallamar Kawu a tsakar gida. Ƙanen mahaifiyata ne, kafinta a Bakura. Tun da aka kafa turakun awo a gonarsa aka ce a dakata da noma, sai ya koma kan sana'ar hannu, yakan shigo Mafara ran jajiberin kasuwa da 'yan benci da ƙananan tebura, ya kwana wurin abokinsa. Ya hawo yana haki. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da nauyin jiki da mai jiki, na tambayi mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya har da tsohuwar da ke yi mana kitso. Ya tambayi mai turaku, haka yake kiran maigidana, ko har yanzu yana can yana soke gonakin bayin Allah. Sannan idonsa ya sauka kan ɗankwalin da ke ƙugun yarinya.

"Wagga kuma hwa? Tunkiyar layya kika samu, 'yar boko?"

Na sunkuyar da kai na ce taga ce ba ta da kyau, kuma yarinyar mutane ba ta jin magana.

"Yarinyar mutane," in ji shi, yana murmushi. "To, bari mu ga abin da ka shirin cin ɗiyar mutane."

Ya ɗage labule, ya ƙwanƙwasa gilashin da bayan yatsa, ya kara kunne. Ya sa farce ƙarƙashin wata sanda, ta ɗaga. Murmushin ya tafi. Ya bayyana mini cewa tagar gaske mai irin wannan fasali, kowane gida da nasa ɗan gilashi, an zaunar da shi cikin katako ko ƙarfe. In guda ya fashe, iyakarsa gidansa, ko hannu da ƙyar zai wuce, sai a canja shi kaɗai. Wannan kuwa masu kanti ke son sa, don ya fi saurin sawa kuma daga nesa ba mai bambancewa. Ya ce a ƙasa ba laifi, in ya fashe kaya ne za su sha ƙura. Amma a sama, inda mutum ke kwana, bai taɓa gani ba.

Ya durƙusa yana bin gefen firam ɗin da yatsa, sai ya tsaya a kusurwar ƙasa ta dama. Ya kira ni in gani. Wani ɗan layi ne kamar silin gashi, bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce gini sabo ne, yana zama, firam ya matse gilashin a nan, motoci kuma suna girgiza shi kullum. Ya ce kada in jingina komai a jikinsa, ko tsintsiya.

Ya sauka wurin Alhaji, ni kuma na tsaya a saman matakala ina saurare, don ƙofar bayan kanti a buɗe take. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya ce a sa ƙarfe. Alhaji ya ce ina za a ga mai walda, duk sun tafi dam, wanda ya rage a gari sai ka yi wata kana bin sa. Kawu ya ce to a buga katako. Alhaji ya ce kafinta so yake ya mayar masa da kanti akurkin kaji. Kawu ya ce gara akurki da dara marar rami. Suka yi dariya, ni kuwa ina riƙe da bango. Sai na ji Kawu ya rage murya ya ce akwai ƙaramar yarinya a sama, kuma uwarta ba za ta faɗa ba, ɗiyar fari ce. Da Alhaji ya sake magana muryarsa ta canja, ya ce wallahi shi bai kawo wannan a ransa ba, saƙon da ya iso masa na sanda ne kawai.

Suka shirya a kan Kawu zai yi raga ta katako daga ciki, ya daidaita ta da bayan fararen sandunan, ya shafa mata farin fenti yadda daga titi ba za a gane ba. Sai dai katakon da ya dace sai gobe masu kawo shi za su sauke a kasuwa. Kawu ya ce da zarar ya sallami kayansa, bayan la'asar, zai zo da guduma. Ya ce in ƙara haƙuri yini ɗaya.

Talata gari ya waye da hayaniya. Tun da safe titi ya cika da jakuna da amalanke da motocin ƙauye, masu albasa da masu rake suna ta shiga kasuwa. Yarinya ta sha kunu sosai ranar, karo na farko tun da ta kwanta, ta ce in ɗage mata labule ta ga raƙuma. Na hana. Ta yi rigima har ta gaji, wajen sha ɗaya barci ya ɗauke ta a kan tabarma. Na ɗaura mata ɗankwalin a hankali don kada ta farka. Ban matse ba, na ga yadda ya yi mata shaida a fata jiya, ga ƙuraje. Na tofa mata Ayatul Kursiyyu na sauka.

Na ɗora ruwa, na wanke shinkafa. Ina yanka albasa na fara jin rugugin, irin wanda ba na tifa ɗaya ba. Manyan tireloli ne masu ɗauke da katafila, a jere, suna ratsa cunkoson kasuwa a hankali suna ta oda. Ruwan cikin bokiti yana rawa. Yara a titi suna ihu suna bin su. Na ɗaga kai ina sauraron sama, ban ji kuka ba, na ce barci take.

Sai na ji muryar Alhaji daga ƙofar bayan kanti. Tun da muka tare bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ko gaisuwa ta bakin maigidana take zuwa. Bai yi sallama ba.

"Uwar ɗaki, hau sama. Yarinya tana ga taga, kuma gilashin ya tsage. Kada ki yi ihu."

Ban san inda wuƙar ta faɗi ba. Na kama matakala, hannu ɗaya a bango, ɗaya a ƙarƙashin ciki. Taka goma sha huɗu ne, na san su kamar yatsuna, amma ranar kowace sai da na roƙe ta. A ta tara marata ta ɗaure, na tsaya na ja numfashi guda, na ci gaba.

Ɗankwalin yana kan tabarma, ƙullinsa bai kwance ba. Ta zame ne ta fita ta ƙasa, ramar da ta yi da sassaucin da na yi suka haɗu. Labule ya kumbura daidai tsayinta, ƙafafunta biyu sun leƙo ta ƙasa, ta yi ɗage a kan yatsu. Ina jin tafin hannunta yana bugun gilashi, tana kiran Baba, don a bayan tirelolin akwai wata mota shuɗiya irin tasu. Ta gefen labulen da ya ɗage na ga tsagin. Ya tashi daga kusurwar da Kawu ya nuna, ya hau a karkace, ya ratsa gida ɗaya, ya wuce ƙarƙashin sanda kamar ba ta nan, ya ratsa na biyu, na uku, ya ɓace a bayan labule. Rana tana walƙiya a cikinsa. Da tirela ta gaba ta zo daidai kanti na ji gilashin yana wani siririn kuka.

Tsakanina da ita taku biyar ne. Na san in na ruga za ta ji ni, kuma na yi mata alkawarin bulala. Yaro in ya tsorata baya yake ja, ko ya lafe a jikin abin da ke kusa da shi. Ba abin da ke kusa da ita sai gilashin.

Na ce, a hankali, ke, zo nan. Ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙyale, ke ɗin nan ta saba da ita tun tana goye. Na sake cewa yarinya, zo ki karɓi alewa. Ta ƙara buga gilashin da hannu biyu, ta ce ga Baba can.

Sai na kira sunanta. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ran suna. Ya fito mini baƙo a baki, kamar na ɗauki kayan wani.

Bugun ya tsaya. Labule ya motsa, ta leƙo da kai tana duba ɗakin, tana neman wanda ya shigo. Ba ta ga kowa ba sai ni. Na durƙusa a bakin tabarma, na buɗe hannuwa, na sake kiran sa. Ta fito daga bayan labulen tana kallona, taku ɗaya, biyu, a hannunta na dama tana riƙe da farar sandar da na manna ran Lahadi. Da ta iso na kama ta na ja da baya da gwiwa har muka dangana da bangon ƙofa. Na rungume ta, ban iya ko Alhamdulillahi da ƙarfi ba sai a zuci. Ba ta yi kuka ba. Ta bar ni na riƙe ta, shiru, tana jujjuya sandar.

Alhaji ya riga ya kwashe mutane daga dakali, ya aika kasuwa aka kira Kawu tun kafin azahar. Kawu ya bar bencinansa a hannun maƙwabcin rumfa ya zo da katako a kafaɗa. Ya sa muka koma saman matakala muka zauna a inuwar bango, na lulluɓe ta da zane. Ya leƙa ya tabbatar ba kowa a ƙasa, sannan ya naɗe hannu da buhu ya dafa gilashin kaɗan. Rabin ƙasa ya tafi gaba ɗaya. Ƙarar da ya yi a kan siminti ta sa kasuwa ta yi tsit na ɗan lokaci. Kawu ya fito ya dube mu, ya koma. Daga baya na ji Alhaji daga ƙasa yana cewa a rufe da katako duka, fenti ko ba fenti, giɓin ya zauna.

Har la'asar ana buga guduma. Na yi salla a nan saman matakala, a zaune. Shinkafar da na wanke tana can ƙasa kaji sun samu rabonsu, Alhaji ya aiko mana da waina daga kasuwa. Yarinya ta ci biyu. Duk yinin ba ta yi magana ba, ita da bakinta ba ya hutawa. In na dube ta sai in tarar tana kallona, in ta ga na gani sai ta mayar da ido kan sandarta. Na ɗauka tsoro ne, na yi ta shafa kanta ina karanta mata abin da ya sawwaƙa.

Da Kawu ya gama ya kira mu mu gani. Ɗakin ya yi duhu, ya yi warin sabon katako, Kawu ya bar 'yar kafa can sama kamar faifai, irin ta ɗakin mahaifiyata. Ya tattara kayan aikinsa ya sauka yin alwala. Na kwance ɗankwalin daga ƙafar gado na ninke shi. Ina tsaye da shi a hannu ta zo ta ja bakin zanena, ta sa na sunkuyo, ta kawo bakinta kusa da kunnena kamar mai tsoron kada Kawu ya ji daga ƙasa.

"Inna, ashe kin san sunana."